Hukuncin Karanta Labaran Kisan Kai da Rubuta Su

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce a Gusau. Tun ina sakandare nake karance-karance, amma yanzu labaran soyayya sun fita raina. Babu abin da ke riƙe ni kamar gajerun labaran kisan kai da ake turowa a WhatsApp: an tsinci gawa, ba a san wanda ya yi ba, ana ta bin sawu har asiri ya tonu. Wani lokaci sai in kai ƙarfe ɗaya na dare ban ajiye waya ba. Yayana ya gani, ya ce ƙarya nake karantawa, kuma duk mai jin daɗin labarin jini zuciyarsa ta mutu. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ga shi kuma na fara rubuta nawa, a kan wani magidanci da aka kashe a gonarsa a ƙauyen kakannina. Har yau ba a kama kowa ba, amma mutanen gari suna da wanda suke zargi. Mene ne hukuncin karatun, kuma mene ne na rubutun?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗiyata, karanta irin waɗannan labarai halas ne a asalinsa, kuma sha'awar da kike ji ba alamar mutuwar zuciya ba ce. Akwai wuraren da halaccin ke faɗuwa, zan nuna miki su. Labarin da kika fara rubutawa kuwa, a yadda kika siffanta shi, bai halatta ki fitar da shi ba.

Mu fara da maganar ƙarya. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce ka ba mutum labarin abin da bai auku ba domin ya ɗauka ya auku. A ƙagaggen labari, marubuci da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce, babu wanda aka yaudara. Kaka idan ta ce "ga ta nan ga ta nanku", babu jikan da zai tashi da safe ya tafi neman gidan Gizo da Ƙoƙi. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri, alhali sun san mutanen cikinsa ƙago su aka yi. Akwai malaman da suka ƙi ƙagaggen labari baki ɗaya, suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, na azabar da aka yi wa mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya alkawari. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma wanda ya bar karatun don tsantseni ya kyauta. Amma abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne hadisin yana magana ne a kan wanda ke gabatar da ƙaryarsa a matsayin gaskiya.

Sai batun jini, wanda shi ne ya fi damun ki.

Buɗe Suratul Ma'ida daga aya ta 27. Labarin kisan farko ne a bayan ƙasa, Allah da kansa ya umurci Annabi (SAW) ya karanta wa mutane shi. 'Ya'yan Adamu biyu sun miƙa baiko, wato hadaya ga Allah, an karɓi na ɗaya, ba a karɓi na ɗayan ba, hassada ta shiga. Ki lura da inda Alƙur'ani ya tsaya ya daɗe. Ya daɗe a kan maganar wanda za a kashe, yana ce wa ɗan'uwansa ko ka miƙo hannunka don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa ba, ina tsoron Allah. Ya nuna yadda ran mai kisan ya yi ta ƙawata masa abin har ya sauƙaƙa a gare shi. Kisan kansa kuwa kalma ɗaya aka ba shi: sai ya kashe shi. Ba a ambaci makami ba, ba a siffanta rauni ba. Daga nan aka koma kan mutumin da ke tsaye da gawar ɗan'uwansa bai san yadda zai yi da ita ba, har hankaka ya zo yana tonon ƙasa ya koya masa, ya wayi gari cikin masu nadama. Nan take aya ta 32 ta biyo: wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba, kamar ya kashe mutane ne gaba ɗaya. Na sha karantar da ayoyin nan a tafsirin azumi, kuma har yau idan na iso wurin hankakan sai jikina ya yi sanyi.

Bin sawun da kike so ma yana nan. A Suratu Yusuf 'yan'uwa sun kawo riga da jinin ƙarya, masu tafsiri kuma sun ambata cewa Annabi Yaƙub ya lura kerkecin da aka ce ya cinye ɗansa bai yaga rigar ba. Can gaba wata rigar ta wanke Yusuf, domin ta baya ta tsage. A Suratul Baƙara an kashe mutum cikin Bani Isra'ila, kowa yana tura laifin ga wani, har Allah ya fito da abin da suke ɓoyewa. Malikawa ma sun kafa hujja da wannan ƙissa a kan cewa maganar wanda aka raunata kafin ya cika, idan ya ce jinina yana wuyan wane, tana da nauyi a shari'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya yanke masa ƙauna, sannan ya nemi tuba. Addinin da ya zo da waɗannan bai hana a ambaci kisa ba. Yadda aka ambace shi, da abin da ya bari a zuciya, su ne abin dubawa.

To me ke jan mutum zuwa ga labarin da ya kamata ya tsorata shi? Wani ɓangare tun yarinta ne, yaro yana maƙale da zanen kakarsa yana rawar jiki, amma yana roƙon a sake ba shi labarin Dodo, don ya san yana cikin gida kuma an rufe ƙofa. Wani ɓangaren son sanin sharri ne don a kauce masa. Huzaifa ɗan Yaman (RA) ya ce mutane suna tambayar Annabi game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Amma ina jin abin da ya fi ƙarfi a wurinki, da sauran 'ya'yanmu na wannan jiha, shi ne ƙishin adalci. Kin tashi kina jin an tare hanya, an kore shanu, an shiga gari da dare. Kina da wayo lokacin da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. Sau nawa aka yi jana'iza aka watse, ba a ƙara jin an gurfanar da kowa ba? A cikin labari kuwa, a shafi biyar ko goma, ana gano mai laifi, a kira sunansa, ya sunkuyar da kai. Zuciyar da ke neman wannan tana neman abin da Allah ya yi alkawari ne, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama. Matacciyar zuciya ba ta damu da a kama kowa ba.

Duk da haka kada ki raina maganar yayanki, akwai gaskiya a cikinta. Ba kowane labari ke tafiya a kan wancan tsari ba.

Akwai wanda ke mayar da mai kisa gwarzo. Shi ne mai wayo, shi ne mai kwarjini, mata na son sa, hukuma ta gaza da shi, wanda aka kashe kuwa ko suna ba a ba shi ba. Wannan haramun ne a rubuta, haramun ne a yaɗa, kuma ina hana ki karanta shi. A wata ƙasa wataƙila a ce nishaɗi ne kawai. A nan, inda yaro ke buɗe TikTok ya ga ɗan bindiga yana baje kuɗin fansa, wasu kuma suna yi masa kirari, marubucin da ya ƙara wa wannan hoto ado ya taimaka wajen ɗaukar wa daji sababbin yara, ko ya sani ko bai sani ba. Annabi (SAW) ya faɗa cewa babu ran da za a kashe bisa zalunci face ɗan Adamu na farko yana da kaso a jininsa, domin shi ya fara buɗe wannan ƙofa. Mai alƙalami ya ji tsoron wannan hadisi.

Haka labarin da ya zama darasi, yana bayyana wace guba, nawa za a zuba, yadda za a ɓatar da sawu. Mun sha jin amaren da suka zuba wa miji shinkafar ɓera, ba ma bukatar mai ƙara musu ilimi. Haka wanda aka cusa wa batsa, ko aka nuna boka yana sanin gaibu kuma aikinsa ne ya warware matsala. Sai wani nau'in da ba a cika lura da shi ba, wanda a cikinsa mai kisa kullum ɗan ƙabila ɗaya ne. A jihar da Bahaushe da Bafillace suka yi zaman ƙarnoni tare, suka yi auratayya, yau kuma ake neman raba su da jini, irin wannan rubutu fetur ne. Babu rai mai ɗaukar laifin wani, haka Alƙur'ani ya maimaita.

Ke kuma ki riƙa auna kanki da abin da ke faruwa a zahiri. Idan aka ce an kashe mutane a wani ƙauye na Anka ko Maru, shin har yanzu gabanki na faɗuwa, bakinki na yin salati da addu'a? Ko kin fara jin sa kamar wani labarin da kike son sanin ƙarshensa? Ko kin kai ga neman hotunan gawarwaki? Idan kin ga alamar haka, ki ajiye karatun nan, ya zama cuta a gare ki ko da halas ne ga wata. Ƙarfe ɗayan dare kuma ya yi yawa. Duk daren da labari ya ci miki sallar Asuba, kin yi zunubi, ba don labarin ba, don sallar. Sannan ki kula da wanda kike tura wa. A kowane zauren WhatsApp na garin nan akwai wadda aka kashe wa miji, ko wanda ya kwana a daji a ɗaure. Annabi ya hana Musulmi ya firgita Musulmi.

Yanzu ga rubutunki.

Mutumin nan da aka kashe yana da mata da 'ya'ya, suna raye, watakila ɗansa yana riƙe da waya. Wanda ake zargi shi ma yana da iyali, kuma babu alƙalin da ya tabbatar masa da laifi. Da zarar kin rubuta labarin, dole ki ba shi ƙarshe, dole ki nuna mai kisa. Idan kika nuna wanda gari ke zargi, kin yanke hukuncin jini da jita-jita. Canja suna ba zai fid da ke ba, muddin ɗan ƙauyen zai karanta ya ce ai wane ake nufi. Allah ya ce a Suratul Hujurat a nisanci zato mai yawa, domin wani zaton zunubi ne. Idan mutumin bai aikata ba, kin yi masa ƙazafin mafi girman laifi bayan shirka.

Dubi yadda shari'a ke taka-tsantsan a nan. A Risalar Ibn Abi Zaid, babin hukunce-hukuncen jini da haddi, ko da mamaci ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika, ba a kashe wanda aka ambata sai dangin mamacin sun yi rantsuwa 50, kuma a kisan ganganci ba a karɓar ta daga ƙasa da maza biyu. Duk wannan a gaban alƙali. A garin nan naku aka ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, kuma daga cikin ma'anar hakan akwai cewa kotu ce wurin maganar jini. Mun ga abin da zargi ya haifar a ƙauyukanmu: a nuna mutum da yatsa a kasuwa, kafin la'asar an kashe shi, danginsa su ɗauki fansa a kan wasu da ba su ji ba ba su gani ba. Labarinki zai iya isa ƙauyen cikin dare ɗaya, ya faɗa hannun saurayin da ya daɗe yana haɗiye baƙin cikin ubansa.

Idan ke ko wani naku yana da masaniya ta haƙiƙa, abin da ido ya gani ko kunne ya ji daga bakin mai shi, to wajibi ne a kai ta ga hakimi ko 'yan sanda ko kotu, domin aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Ki sanar da mahaifinki ko yayan naki, su san hanyar da za a bi ba tare da an jefa ki cikin haɗari ba. Idan kuwa "an ce" ne kawai, ki kame bakinki da alƙalaminki.

Ban ce ki daina rubutu ba, ɗiyata, ina ma son ki ci gaba. Ƙagi garinki, ƙagi mutanenki, yadda babu mai rai da zai ga kansa a ciki. Ba wanda aka kashe suna da uwa da abin da yake shirin yi gobe, ki bar mai karatu ya ji nauyin rashinsa. Wancan da kika fara kuwa ki goge shi daga wayar, har da kwafin da kika tura wa ƙawaye idan akwai, ki roƙe su su ma su goge. Ki yi wa mamacin addu'a, idan da hali ki aika wa marayunsa da wani abu ta hannun kakanninki.

Wallahu a'alam.