Amsa: Me ya sa ake ji da Eve Muirhead?

Malam, ka tambayi abin da ya sa 'yan Sikotilan ke ji da Eve Muirhead. Wasan curling ta yi: a turo dutse mai kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, mutum biyu na goge masa hanya da buroshi, ita tana ba da umarni.

Ta ci kofin duniya a 2013, ta samu lambar tagulla a gasar Olympics ta lokacin sanyi a Sochi a 2014. A gasar Olympics ta 2018 Japan ta hana ta tagulla, a hannunta ma dutsen ƙarshe ya kauce. Abin da ya burge ni, bayan tiyatar ƙugu ta dawo, ta lallasa Japan 10 da 3 a gasar Olympics ta Beijing a 2022, ta ɗauki zinare. A Agustan shekarar ta yi ritaya.