Ki fara da rajistar asibitin kusa da ku

'Yar'uwa kin ce an ba ku fili a rediyon al'umma ku riƙa shirin lafiya amma kin rasa ta inda za ki kama. Ni dai na jima a harkar nan, kar ki zauna a studiyo ki zaɓi maudu'i da ka, ki taka ki je ƙaramin asibitin yankinku ki roƙi mai kula da shi ku duba rajista tare, wace cuta ce ta fi kawo mutane kuma a wane wata, daga nan jadawalin shekara zai fito miki.

Kuma shirin ya riga cutar isowa. Maganar maleriya da gidan sauro tun kafin ruwa ya sauka ake farawa, ta sanƙarau kafin zafi ya tsananta, in kika bari sai gadaje sun cika ai kin makara.

Saƙo ɗaya a shiri ɗaya don Allah. In gudawar yara ce to a tsaya a kanta, ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a haɗa a riƙa ba yaro, sai ƙwayar maganin zinc da zai sha na kwana 10 zuwa 14, da alamomin da in uwa ta gani ba jira sai asibiti, kamar yaro ya ƙi shan nono ko idonsa ya zurma. Na taɓa sa nas ta haɗa ruwan a gaban makirfo ana jin ƙarar cokali a kofi tana ƙirgawa da ƙarfi, wallahi bayan nan mata suka yi ta bugo waya suna maimaita ma'aunin.

Lokaci kuwa ki tambayi matan da suka zo awo yaushe suke samun sukunin saurare. Baƙonki kuma ya ajiye turancin likitanci a waje, kuma kar ya yarda ya rubuta wa kowa magani ta waya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a gama shiri mai kyau sai ga tallan mai maganin da wai yana warkar da cuta goma, mai sauraro kuwa duk murya ɗaya yake ɗaukar su. Ki zauna da manaja tun yanzu ku yi yarjejeniya a rubuce cewa irin wannan talla ba zai raɓi filinki ba.