Manhaja ta ce ina B2, jami'a tana neman IELTS 6.5: abu ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gwada Turancina a wata manhaja ta waya, ta ce ina matakin B2. Jami'ar da nake nema kuma ta ce sai mai IELTS 6.5, kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.0. Shin B2 ɗin nan ya wadatar, ko sai na zauna jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai kin zauna jarrabawar. B2 mataki ne a kan wani ma'auni, ba takardar sakamako ba ce, kuma jami'a ba ta karɓar awon da mutum ya yi wa kansa a waya.

Sunan ma'aunin CEFR. Majalisar Turai ce ta wallafa shi a 2001 (ba Tarayyar Turai ba, wannan ƙungiya ce daban), domin a samu mudu ɗaya na auna iya harshe, ko Turanci ne ko Faransanci ko Jamusanci. Matakansa shida ne: A1 da A2 na ɗan koyo, B1 da B2 na wanda ya fara tsayawa da ƙafarsa, C1 da C2 na gwani. Ba ya ƙirga kalmomin da kika haddace, abin da za ki iya yi da harshen yake dubawa. Mai B1 zai faɗa wa likita inda ke masa ciwo da ranar da ya fara. Mai B2 zai tambayi likitan dalilin zaɓar wannan magani, ya fahimci amsar, har ya kawo nasa uzurin. Mai C1 kuwa yana gane abin da aka nufa ko da ba a fito fili an faɗa ba.

Kowace jarrabawa da nata makin, sai masu ita su gwada shi da wannan mudu. A IELTS, wadda makinta ke ƙarewa a 9, daga 5.5 zuwa 6.5 ana lissafa shi B2, daga 7 zuwa 8 kuma C1. A TOEFL ta intanet, bisa tsohon ma'aunin maki 120, B2 yana farawa daga 72, C1 daga 95. Jarrabawar Cambridge ce ta fi sauƙin ganewa, don sunan matakin na jikinta: B2 First, C1 Advanced, C2 Proficiency.

To, ga inda gizo ke saƙar. B2 fili ne mai faɗi. Wanda ya sa ƙafa yau da maki 5.5 da wanda ke bakin ƙofar C1 da 6.5, duk B2 ake kiransu, alhali tsakaninsu akwai tafiyar watanni. Jami'arki can ƙarshen filin take nema. Cambridge na ƙiyasta cewa hawa daga mataki zuwa na gaba yana cin kusan awa 200 na karatu a gaban malami, kin ga ke nan ba aikin mako biyu ba ne.

Ni dai sharaɗin nan na biyu ya fi damuna, na kada wani ɓangare ya gaza 6.0. IELTS ɓangare huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana. Ana haɗa makin huɗun a raba, a kai shi rabin maki mafi kusa. A ce kin ci 7.5 a saurare, 7 a karatu, 6.5 a magana, 5.5 a rubutu. Jimilla 26.5, a raba huɗu ya ba da 6.625, a takarda a rubuta 6.5. Ga makin da ake nema ya fito, amma rubutu ya kayar da ke. Yawancin gwaje-gwajen kyauta na waya kuma zaɓi-ka-danna ne, ba su taɓa ganin sakin layi ɗaya da kika rubuta ba, balle su ji muryarki. Saboda haka B2 ɗin da aka ba ki, galibi na karatu da nahawu ne kawai.

Kada ki yi gaggawar biyan kuɗi tun da sauran lokaci mai tsawo, domin sakamakon IELTS da na TOEFL shekara 2 ake karɓarsa. Ki kuma tabbatar kin yi rajistar IELTS Academic, ita ce ta masu neman jami'a, ba General Training ba.

Kafin nan ki gwada kanki yadda za a gwada ki. Ki ɗauki tambayar rubutu ta biyu daga tsofaffin takardu, ki ajiye agogo a gabanki, ki rubuta aƙalla kalma 250 cikin minti 40, ba ƙamus, ba waya. Ki kai wa malamin da ya san yadda ake ba da makin IELTS ya duba. In ya ba ki 6 ko sama da haka sau biyu ko uku a jere, ki je ki yi rajista. In 5.5 yake fitowa, ki ba rubutu wata biyu ko uku tukuna.