Tambaya da Amsa: Kwari da Baka a Idon Abokan Aiki da Sababbin Shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon harbi da bakan gargajiya a ranakun hutu. Wasu abokan aikina suna tambayata ina naman da na harbo, wasu kuma na cewa wasan yara ne. Yaya zan fahimtar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka wahalar da bakinka da dogon bayani. Wanda bai taɓa jan tsirkiya ba, da ya ji an ce kibiya, farauta ko yaƙi kawai yake tunawa. Alhali a Japan ana harbin Kyudo daga mita 28 don horar da natsuwa, a Koriya ta Kudu masu harbin gargajiya suna auna abin bara daga mita 145, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya harbin gargajiya na Turkiyya cikin al'adun da ake adanawa a 2019.

Amma gani ya kori ji. Ka gayyaci mutum ɗaya, ka tsayar da shi mita 5 daga abin bara, ka ba shi baka mai sauƙin ja da kibau uku. Bakan gargajiya ba shi da na'urar saiti, ido da hannu ne ke aikin, kuma a kibiya ta uku zai gane haka da kansa. Abu biyu za ka gargaɗe shi tun kafin ya karɓa. Kada ya ja tsirkiya ya saki babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka zai koma jikin bakan, yana iya tsagewa a hannunsa. Kada kuma kowa ya je kwasar kibau sai duk an ajiye baka.

Tambaya: Ni sabuwar shiga ce. Tsirkiya tana dukan hannuna har ya yi ja, kibau kuma kowace ta kama gabanta. An ce in sayi baka mai ƙarfin fam 45.

Amsa: Malama, kada ki saya. Irin wannan shawarar tana korar masu koyo, saboda suna ɗauka harbi gwajin ƙarfi ne. Ki fara da bakan da nauyin jan tsirkiyarsa fam 20 zuwa 25 ne, wato kilo 9 zuwa 11. Bakan da ba za ki iya ja ki riƙe na daƙiƙa goma ba tare da karkarwa ba, ya fi ƙarfinki: kafaɗa za ta ɗage, ki riƙa saki tun ba ki gama ja ba, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar gyarawa.

Dukan tsirkiya yawanci daga gwiwar hannu yake. Ki juya ta waje kaɗan, ki daina damƙe bakan da ƙarfi, ki ɗaura kariyar fata a hannu. Ki duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mariƙi. A dogon baka takan kai santimita 15 zuwa 18. Idan ta gaza, ki cire tsirkiyar ki murɗa ta kaɗan, za ta gajarce, tazarar ta ƙaru.

Watsewar kibau kuwa rashin tsayayyen wurin ja ne. Yatsa ɗaya a saman gindin kibiya, biyu a ƙasa, ki ja har manuniya ta taɓa gefen bakinki, nan ɗin a kowane harbi. Bayan saki, kada ki sauke hannu sai kibiya ta sauka. Tsawon kibiya ya zarce iyakar janki da santimita 3 zuwa 5, don gajeriya tana iya zamewa ta soki hannu.

Tambaya: Zan iya barin baka a ɗane bayan na gama?

Amsa: Idan na itace ne, a'a. Ka kwance tsirkiya, in ba haka ba itacen zai saba da tanƙwara, ƙarfinsa ya ragu. Ka ajiye shi a kwance a inuwa, nesa da damshi da zafin cikin mota, ka riƙa goga wa tsirkiya kakin zuma duk lokacin da ta fara tashin gashi.