Arewacin taswirata fari fat, me zan sa a ciki?

Tambaya: Ina zana taswirar wata ƙagaggiyar duniya don wasan da muke yi da abokaina, kowa ya ɗauki matsayin jarumi, ni kuma in ja labarin. Na gama birane da dazuzzuka, amma ƙuryar arewa, ƙasar ƙanƙara, na bar ta fari fat. Me zan sa a wurin?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka zana dutse ko fadar dodo, tambayi kanka: mutanen nan me suke ci? Inda abinci yake, nan gari zai zauna. Dubi Girinland: ƙanƙara ta rufe kusan kashi 80 cikin ɗari na tsibirin, mutanensa kuwa, kimanin dubu 56, duk a bakin teku suke, don can kifi da dabbobin ruwa masu kitse suke. Saboda haka jera ƙauyukanka a gaɓa, ka bar tsakiya ga abin da ake tsoron ambata.

Sannan kada sanyin ya zama ɗaya ko'ina. Tashar jiragen ruwa ta Murmansk a Rasha tana can cikin da'irar Aktik, wato yankin sanyi na ƙuryar arewacin duniya, amma ba ta daskarewa, saboda igiyar ruwa mai ɗumi da ke zuwa daga Tekun Atlantika. Ka ba duniyarka irin wannan tasha guda ɗaya tak, ka ga yadda sarakuna za su yi ta yaƙi a kanta.

Abin da na fi so ka yi shi ne taswira biyu, ta hunturu da ta lokacin zafi. Da hunturu koguna kan daskare su zama titi. Manyan motoci ma ta kan Kogin Lena suke bi su shiga birnin Yakutsk na Rasha. Zafi na zuwa sai saman ƙasa ya narke, ƙarƙashinta kuma yana nan a daskare, ruwa ya rasa inda zai tsotse. Sai fadama da taɓo, ga sauro kamar hayaƙi. Tafiyar da karnuka suka ja amalanke suka yi cikin kwana uku, yanzu sai ta ci mako biyu, ƙafa na nutsewa har gwiwa. 'Yan wasanka za su fara lissafin wata kafin su ɗaura kaya, kamar yadda ayarin gishirin Bilma ke jiran lokacinsa.

Akwai kuma duhu. A Tromso ta ƙasar Nowe rana ba ta ɓullowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A ƙasar ƙanƙarar da babu itatuwa kuwa, to da me za a kunna wuta? A da, Inuwit, mutanen Girinland da maƙwabtanta, kitse suke zubawa a fitilar dutse, ta ba su haske da ɗumi, su yi girki a kai. Sa kitsen ya zama kuɗi a kasuwanninka, ka kuma rubuta wa kowane jarumi yawan daren da fitilarsa za ta kai kafin ta mutu.