Yini daya a Bauchi da iyali: a ajiye Yankari tukuna

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce za ku taso daga Gombe ranar Asabar da madam da yara, kuna so ku ga Yankari, ku shiga wuraren tarihi na cikin gari, ku ci masa, kuma ku kwana a gida. Toh barka da zuwa tun yanzu, ai gida za ku dawo, 1996 ne kawai aka yanke mana ku.

Ni dai shawarata ka cire Yankari daga lissafin ranar nan. Daga cikin Bauchi ya haura kilomita 100, a Dindima ake karya kwana a kan hanyarku ta Gombe, kuma ko ka isa get din Mainamaji akwai sauran tafiya mai nisa cikin daji kafin Wikki inda ruwan dumi yake, ga fita kallon dabbobi da sassafe ne ko da yamma ya fi armashi, ga yara in suka fada ruwan dumin nan wallahi sai ka yi da gaske kafin su fito. Wannan tafiya ce ta kwana, ka ware mata lokacinta daban.

Ku fito bayan asuba, kar ku karya a gida. Kuna shigowa ku nufi wajen Wunti ku tambayi duk wani mai keke napep inda ake masa, ba zai bata ku ba. Masar Bauchi da zafinta ake ci, ta shinkafa ce, ciki laushi baki ya dan soyu, wasu da miyar taushe suke so ni kuma yajin kuli da mai ya ishe ni. In ka bari aka kulle ta a leda har azahar toh ka ci wani abu ne daban.

Daga nan sai kabarin Tafawa Balewa wajen Kofar Ran, kuma nan nake so ku bata lokaci. Mutane da yawa shiga suke su dau hoto su fito cikin minti 10, alhali ginin kansa magana yake. Ka nemi ma'aikacin wurin ya zagaya da ku. Za ku fara bi ta wani lungu mai duhu, yara har rike hannu suke, shi ne zamanin mulkin Turawa, sai haske ya fara shigowa kadan kadan har ku fito fili, wato 'yancin 1960. Kabarin kuma ba rufi a samansa, ba wani kyale-kyale, na mutumin da ya rike Firayim Minista har aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Akwai bangaren da aka ajiye kayansa da hotuna. In kana da tsohuwar naira 5 a aljihu ka nuna wa yara fuskar kafin ku shiga, sun fi ganewa da haka. Ku yi masa addu'a, sannan ka dan sallami wanda ya zagaya da ku.

Azahar ku yi ta a babban masallaci gaban fadar Sarki. Garin nan Malam Yakubu ne ya kafa shi, daya daga cikin wadanda suka karbi tuta a hannun Shehu Danfodiyo, sunayen kofofin ganuwa har yau su ne kwatancenmu, Kofar Wunti, Kofar Nassarawa, Kofar Dumi da sauransu. A fada kar ka daga waya haka kawai, gaida dogarai tukuna ka nemi izini. Gara ma da Asabar ce, ranar Juma'a wajen nan ba ya shiguwa da mota.

Abincin rana kar ku cika ciki, fura da nono mai sanyi ta wadatar saboda rana. Madam in tana son cefane kasuwar Muda Lawal na nan, kayan miya da doya da 'ya'yan itace, sai dai ka sa mata lokaci don in ta shiga sai la'asar. Balangu ko tsire sai yamma ake samun mai kyau, ku saya ku ci a mota, masar tsaraba ma a lokacin za ku karba. Karfe 4 ta yi muku a hanya, ban so magariba ta riske ku kafin Gombe da yara a mota da manyan motocin nan.