Karena na haushi, ƙaramar hukuma ta aiko mini takarda: me doka ta ce?

Tambaya: Ina zaune a Birmingham. Bayan ɓarayi sun fasa mana gida sai na sami kare don gadi, kuma a bayan gida yake kwana saboda ba ma son ya shiga inda muke salla. Yanzu ƙaramar hukuma ta aiko cewa maƙwabci ya kai ƙorafi kan haushinsa da dare. Za a ci ni tara ne, ko za a ƙwace shi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Takardar farko yawanci sanarwa ce kawai cewa an kai ƙorafi, ba hukunci ba ce. Amma kada ka jefa ta a aljihun tebur, domin a wannan gaɓar ce maganar ke da sauƙin kashewa.

A Ingila da Wales, Dokar Kiyaye Muhalli ta 1990 ce ke aiki a nan. Sashe na 79 ya sa ƙarar da ke fitowa daga gida cikin abubuwan da hukuma za ta bincika, idan ta kai ga cutar da lafiya ko hana maƙwabci jin daɗin gidansa. Dokar ba ta ƙayyade minti nawa kare zai yi yana haushi ba. Jami'in lafiyar muhalli yana duba tsawon haushin, yawansa, da lokacin da ake yi. Karen da ya yi wa mai kawo wasiƙa haushi da hantsi ya yi shiru, ba shi ake nema ba. Wanda ke farawa ƙarfe biyun dare har asuba, kullum, shi ne matsalar.

Galibi ana ba maƙwabcin takarda ya riƙa rubuta rana da lokaci, wani sa'in a ajiye masa na'urar ɗaukar sauti a ɗakin kwanansa. Idan jami'i ya gamsu, sashe na 80 ya ce a ba ka takardar umarnin dakatar da damuwar. Kana da kwana 21 ka ɗaukaka ƙara a kotun majistare. In ka yi biris da umarnin ba tare da uzuri ba, ya zama laifi: kotu na iya cin ka tarar da ba ta da iyaka, a ƙara wata a kan kowace ranar da abin ya ci gaba bayan hukunci. Ƙwace kare ba shi ne abin da aka saba yi kan haushi kaɗai ba. Sai dai in haya kake, duba yarjejeniyarka, don mai gida na iya riƙe wannan hujja a kanka.

Ni a ganina, kwanan wajen nan shi ne tushen abin. Na fahimci dalilinka, kuma ba na ce ka kai shi falo ba. Amma unguwannin Birmingham na da dila da yawa, suna yawo cikin dare, gidaje kuma bango ɗaya ya raba su. Kare shi kaɗai a waje cikin sanyi, ko ganye ya motsa sai ya amsa. Ka samar masa rufaffen wuri mai ɗumi, gareji ko ɗan ɗaki, inda ba ya hango shinge. Ka fita da shi yawo da yamma ya gaji. Kada ka sayi abin wuya mai jan lantarki. Wales ta haramta shi tun 2010, kuma tsoro yake ƙara wa dabba. In haushin bai ragu ba, kai shi wurin likitan dabbobi, don ciwo ma na jawo shi.

Sannan ka amsa takardar a rubuce, ka lissafa matakan da ka ɗauka da ranakunsu. Ka kuma yi wa maƙwabtanka na kusa sallama, ka tambaye su ƙarfe nawa haushin ya fi tayar da su. Sashe na 82 ya ba maƙwabci damar zuwa kotu da kansa ko hukuma ba ta yi komai ba, kuma mutumin da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa aka ba shi haƙuri ba kasafai yake kaiwa can ba.